Gishirin da na zuba wa kifin Oga

Agege, Laraba da dare, Maris 2001

Har yanzu yatsuna zafi suke yi, kaina kuma ya kulle.

Da Oga zai tafi Hajji, maigidana ya bar wa amanar akwatin gilashin da yake kiwon kifin teku a ciki. Yau maigida ya wuni a Mile 2, ni na ba su abinci. Da magariba aka ɗauke wuta. Ina karanta littafina da tocila a falon Oga, daidai inda masoyan za su haɗu, sai na hango wasu tsutsotsi jajaye masu gashi suna fitowa daga ramukan duwatsun da ke cikin akwatin. Na sa hannu zan cire ɗaya, gashinta ya soke ni kamar ƙaiƙayi.

A gidanmu idan tana ta shigo banɗaki, gishiri muke barbaɗa mata. Sai na juye rabin gwangwani a cikin ruwan.

Da maigida ya dawo na faɗa masa, ina jiran yabo. Ya daɗe yana kallona.

"Ke Bilki, a ruwan gishiri fa aka haife su. Oga ya ce su ne masu share akwatin, ragowar abinci suke ci."

"To me ya sa suke da kamar mugaye?"

Bokiti ya ɗauko zai canza ruwan.

Jibi Oga zai sauka, kuma aikin maigida da ɗakin da muke kwana duk a hannunsa suke. Kifin nan mai ruwan ɗorawa da Oga ya fi ƙauna yana kwance a ƙasa, da ƙyar yake numfashi. Tsutsotsin kuwa lafiyarsu ƙalau. Biyu ma sun zagaye shi, ban sani ba ko jinya suke yi ko jira.