Ƙwarin da Ba Su Cikin Shinkafa

Yaya Hadiza,

Gaisuwa mai yawa daga Gaya. Ina lafiyarki, ina maigida da yara?

Albishirinki, an yi mini aikin ido da hasken lazer a Yamai, idon da ciwon sukari ya so cinyewa ya tsira. Da na dawo, wuni na yi ina tsince baƙaƙen ƙwari a shinkafar da Kawu ya aiko daga Yelu, har na aika masa faɗa. Ashe a idona suke yawo! Likita ya duba ya ce za su lafa, in sun ƙaru in koma maza.

Jiya da kaina na zura zare a allura, sai da na yi guɗa.

Ki gaida kowa, ki sa ni a addu'a. Don Allah ki ba Kawu haƙuri, shinkafarsa tas take.

Ƙanwarki, Rabi