Makon Sukhna da Na Musanya da Maki

Zuwa ga Babana,

Assalamu alaikum, Baba. Allah Ya haskaka makwancinka. Na san wannan takarda ba mai kai maka ita, kuma ba za ka karanta ba. Amma a gabanka kaɗai nake iya faɗin abin da na yi ba tare da na yi masa kwaskwarima ba, don haka ka bar ni in rubuta.

Gida lafiya. Gidanmu na unguwar Ma'adi yana nan, lif ɗinsa har yanzu sai ya ga dama yake aiki. Gwiwar Umma ta yi sauƙi. 'Yarka Hafsat ta gama karatun likitanci a Giza, yanzu ko tari mutum ya yi sai ta yi masa huɗuba. Ɗaliban da ka saba ciyarwa ranar Juma'a suna zuwa, Umma ba ta fasa tuwon ba.

Maganar makon Sukhna ce ta kawo ni, Baba.

Ka saya mana mako guda a kowace shekara a ɗakin otal ɗin nan na garin Sukhna, mai baranda da ke kallon teku. Ba mu daɗe muna zuwa ba ka mai da shi na amare. Duk ɗalibin da ya yi aure a shekarar ya ɗauko matarsa daga gida, sai ka ja shi gefe ka ba shi makon. Kakan ce yarinyar da ta bar iyayenta ta tsallako har Masar, ya kamata ta fara ganin teku kafin ta saba da ɗan ɗakin haya. Har ɗalibai suka sa masa suna makon Alhaji.

Bayan rasuwarka aka mai da takardun da sunana. Sai wata mata daga kamfanin da ya sayar maka da makon ta kira ni, bakinta kamar zuma. Ta ce me zai sa in zauna da ɗaki ɗaya a gari ɗaya, alhali zan iya mai da makon ya zama maki, in kwana a otal-otal ɗinsu a kowace ƙasa, har da rangwamen tikitin jirgi. Ban tambayi Umma ba. Ina zaune a ofis na danna amincewa a waya, na ci gaba da shan shayina. Da makin na bi abokan aiki Istanbul, na yi ta hotuna a gaban madubin otal kamar wanda ya ci gado. To, ai gadon na ci.

Na gaya wa kaina wataƙila bana ba wanda zai yi aure. Wane irin tunani ne wannan, Baba? Yaushe ɗalibai suka taɓa daina aure?

Ka tuna Mu'azu, ɗan Gusau ɗin nan da yake zuwa asibiti yana yi maka karatu? Shi ne angon bana. Ranar Juma'a ya kawo amaryarsa Rukayya ta gaida Umma. A gaban kowa Umma ta ce makon Alhaji nasu ne, Nasiru zai ba su takarda. Yarinyar ta rufe fuska da mayafi tana murmushi, ta ce ba ta taɓa ganin teku ba. Aka ɗaga hannu aka yi maka addu'a. Ni ma na ɗaga, na shafa, na ce amin da ƙarfi. Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba.

Na kira kamfanin har na gaji. Amsa ɗaya ce, ma'alish, wato in yi haƙuri, an riga an ba wani makon. Ragowar makin kuma sai ni da kaina zan iya kwana da su, ba a ba wa wani. Na nemi ɗaki a Sukhna ko'ina ne, lokacin zafi ne, duk an kama.

A kicin na samu Umma tana yanka kuɓewa na gaya mata. Da ta zage ni da na fi samun sauƙi. Tambayata kawai ta yi ko Istanbul ta yi daɗi. Sannan ta goge hannu ta ɗauki waya ta kira Mu'azu. Ta ce masa ana gyara a gidan Sukhna, bana ba zai yiwu ba, amma su zo su yi makonsu a gidanmu. Ta gyara musu ɗakinka, ta sa sabon zanen gado da turaren wuta. Ita da Hafsat suka haɗa jaka suka koma wurin ƙawar Umma a unguwar Hada'ik, ɗaki ɗaya, hawa na biyar babu lif, da wannan gwiwar.

Ni kuwa ina wani otal kusa da filin jirgi, ina cin ragowar makin. Daga nan nake rubuta maka. Gadon yana da laushi, abin haushi.

Ba tekun Rukayya ne kaɗai ke damuna ba. Ina tsaye a bayan Umma lokacin da take wayar, da kunnena na ji ta faɗi maganar gyaran nan. Tun da na yi wayo ban taɓa jin ta yi ƙarya ba. Da furfurarta ta yi, don kada ɗalibanka su san abin da ɗanka ya aikata. Wa zan roƙa gafara a kan wannan, kai ko ita?

Ka huta lafiya, Baba. Allah Ya jiƙanka, Ya yafe wa Umma, don laifin nawa ne.

Ɗanka mai jin kunyarka,
Nasiru