Riƙon Marainiyar Manhaja

Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum. Ya aiki, ya yara? Yaya, ki zauna kafin ki karanta, don ni a tsaye nake rubutun nan!

Kin tuna tsarin kwamfutar nan na kyauta da na saka muku a ɗakin gwajin jini? 'Yan sa-kai ne daga ko'ina suke haɗa shi. Kowace manhaja tana da mai kula da ita: shi zai ɗauko sabon zubi daga waɗanda suka rubuta ta, ya ƙunshe ta yadda za ta zauna daidai, ya ajiye a rumbu kowa ya sauke. To, manhajar da ke haɗa madubin da kike duba ƙwayoyin jini da shi da kyamara, mai kula da ita ya yi shiru, ko saƙo ba ya amsawa. An sa mata suna marainiya. In ba ta samu mai riƙo ba kafin a rufe rumbu don sabuwar fitowa, cire ta za a yi.

Sai kawai na ce ni zan riƙe ta! Ni da ban taɓa ƙunshe komai ba sai a gwaji! Ga ƙunshin farko nan, ki gwada mini.

Taki har kullum,
Auta

Auta,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya. Na karanta wa Inna wasiƙarki, ba ta ji komai ba sai "marainiya". Har ta fara tambaya ko an yaye ta.

Maganar gaskiya kuma: da kyamarar nan nake tura wa likitar babban asibiti hoton jini, ta duba daga can. In kyamarar ta tsaya, sai dai in ce wa mai zazzaɓi ya hau mota zuwa can. Na saka ƙunshinki a tsohuwar kwamfuta, ba wadda nake aiki da ita ba, don na san halinki. Allon ya yi kore shar, babu ƙwayar jini ko ɗaya. Ba na wasa da jinin mutane. In ba za ki iya ba, ki faɗa da wuri.

Yayarki

Yayata ta kaina,

Gaisuwa mai yawa. Na sha kuka kaɗan, sannan na gano matsalar! Ashe tsohon mai kular ya yi wa manhajar faci saboda tsofaffin kyamarori irin taki, sabon zubin kuma ya ƙi karɓar facin. Na baje komai a teburin cin abinci, na ture kwanuka gefe, na bi layi-layi har na sake ɗinka shi.

Sai kuma mai tantancewa. Wata baiwar Allah ce da muke kira Jan Biro, babu abin da ke shiga rumbu sai ta sa hannu. Ta kira ni ta bidiyo.

Ta ce, "Facinki ya yi kyau. Amma ina lasisin hotunan da ke ciki?"

Na ce, "Ranki ya daɗe, 'yan hotunan maɓallai ne fa."

Ta ce, "To 'yan maɓallan ba su da mai su?"

Haka na bi sawun wanda ya zana su har ya ba da izini a rubuce. Yaya, ana gab da rufewa. Saura shaidar cewa manhajar tana aiki a kan kyamara ta gaske, kuma ke kaɗai na sani mai irinta. Ga sabon ƙunshin nan, don Allah ki gwada!

Auta

Auta,

Ta yi! Wallahi ta yi! Har ta fi ta da haske. Na kira mai shara da mai gadi suka zo suka leƙa, ba su san me suke kallo ba amma sun taya ni tafi. Ana cikin haka aka kawo wata yarinya jiki zafi rau, na tura hoto, likita ta rubuta magani uwar ba ta ko gama gyara goyo ba. Ga hoton allon nan, na rufe sunan, ki kai wa Jan Biron taki. Ki tura wa mutumin da ya yi shirun ma, ko ba zai amsa ba. Ya cancanci ya gani.

Na janye maganata ta baya. Rabinta.

Yayarki

Zuwa ga sabuwar mai kula,

Bayan gaisuwa da fatan alheri. Na ga ƙunshinki ya shiga rumbu, ina taya ki murna. Ki yafe shirun da na yi: ciwon shanyewar ɓarin jiki ne ya kwantar da ni, da hannu ɗaya nake wannan rubutu.

Tun da na fara kula da manhajar nan babu wanda ya taɓa ce mini yana amfani da ita. Na ɗauka ni kaɗai ne. Matata ta buga hoton da kika turo, ta manna shi a bangon da nake fuskanta.

Facinki ya fi nawa tsafta. Ki gaishe mini da yayarki, ki kuma tambaye ta yadda yarinyar da kika ba ni labarinta ta kwana.

Naki,
Tsohon mai kula