Da Bakina Aka Mayar Da Iya Saratu Mayya

Assalamu alaikum Malam Edita, da duk masu karanta wannan shafi. Ina gaishe ku, ina kuma roƙonku don girman Allah ku karanta har ƙarshe kafin ku yanke mini hukunci. Zagin da za ku yi mini na riga na yi wa kaina, shawara nake nema. Kada a buga sunana. Sunayen mutanen da zan ambata ma na sauya su, domin Kontagora ba ta da girman da mutum zai ɓuya a cikinta.

Ni matar aure ce, ɗinki nake yi da keke a cikin gida, ɗan bokon da nake rubutun nan da shi kuma a ajin yaƙi da jahilci na same shi. Lokacin yaƙin basasa maigidana ya shiga soja aka tafi da shi kudu, ya bar ni da yara ƙanana. A nan ciwona ya samo asali. Ba zazzaɓi ba ne, ba wani abu ne da ido zai gani ba. Gabana ne yake faɗuwa ba dalili, ƙirjina ya yi nauyi kamar an aza mini dutsen niƙa, barci ya ƙaurace mini, in na ji mota ta tsaya a ƙofar gida sai hannuna ya kama rawa har in kasa zura zare a allura. Na je asibiti, likita ya auna ni ya ce lafiyata lau, in rage tunani. To yaya ake rage tunani? Yaƙi ya ƙare, Allah ya dawo mini da mijina da ransa, amma ciwon bai bar ni ba.

Duk tsawon wannan lokaci wadda ta riƙe ni ita ce Iya Saratu, wata tsohuwa Bakambariya, Kirista, wadda katanga ɗaya ce ta raba gidanmu da nata. Kunu take sayarwa a bakin hanya, ɗanta guda kuma yana aiki can wajen Kainji. Ranar da na kasa tashi ita ce ke shigowa ta hura mini wuta, ta yi wa yarana wanka, ta goya ƙaramin ta tafi da shi wajen sana'arta. Duk haihuwar da aka yi a unguwarmu da wuya ka ga ba ita ta fara wanke jaririn ba.

Wata mai kawo mini ɗinki ce ta ba ni labarin Baba Dogo, wani dattijo a wani ƙauye bayan Ibeto, wanda ake kira mai warware iska. Maigidana ya ba ni izini, na bi motar kasuwa na tafi. Zan faɗi gaskiya a kansa: bai ce in kawo baƙar kaza ba, bai kira aljani ba, ko taɓa ni bai yi ba. Ya zaunar da ni a kan tabarma a gindin tsamiya, ya zuba wasu sassaƙe a garwashi, ya ce in rufe ido in ja numfashi a hankali in sake. Sai ya riƙa bin jikina da tafin hannunsa daga ɗan nesa, daga kai zuwa kafaɗa zuwa ƙirji, ina jin ɗumi yana bina. Ya ce, "'Yata, iskar jikinki ce ta ƙulle a nan. Me kika haɗiye ba ki faɗa wa kowa ba?" Wallahi ban san lokacin da na fashe da kuka ba. Na yi ta magana, shi kuma yana saurare, bai katse ni ba. Ranar na dawo gida na yi barcin da na daɗe ban yi irinsa ba. Na koma sau da yawa, na yi ƙiba, hannuna ya daina rawa, mata suka fara tambayata sirrin.

Sai na fara raka su. Wata rana bayan an gama, Baba Dogo ya kira ni gefe ya ce, "Matan garinku kunya ta yi musu yawa, sai mace ta wuni a gabana ba ta faɗi abin da ke cinta ba. In za ki kawo wata, ki ɗan fara gaya mini damuwarta, aikin zai fi sauri." Na ga ai taimako ne. Kuma wa ya fi ni sanin damuwar mata? A ɗakin ɗinkina suke zama, ina taka keke suna zazzage cikinsu, wadda mijinta ya juya mata baya, wadda ɗanta ke ɗauke-ɗauke, wadda ke shan wani abu a ɓoye don kada ta sake ɗaukar ciki. Duk na kwashe na kai masa. In sun zauna a tabarma sai ya ɗaga hannu a kansu ya faɗa musu abin da ke ransu, su ko su riƙe baki suna salati, suna cewa tsohon nan yana gani har hanji. Ni kuma ina gefe, na san inda ya gani. Abin kunyar da ya fi duka shi ne daɗin da nake ji. Ni da a da ake kallo da tausayi, yanzu har gida ake zuwa ana roƙona in kai mutum.

Asabe ƙawata ce tun muna 'yan mata, aure kuma ya sake haɗa mu unguwa ɗaya. Farkon daminar nan jaririnta ya rasu, zazzaɓi na kwana kaɗan. Daga nan ta lalace, ba ci ba barci, sai ta zauna ta zuba wa bango ido. Wata rana ta zo ɗakina ta rufe ƙofa ta ce, "Zan gaya miki wani abu, amma ki rantse ba za ki faɗa wa kowa ba." Na rantse. Ta ce, "Duk sanda na rufe ido Iya Saratu nake gani riƙe da yaron nan, tana wanke shi, ina miƙa hannu ta ba ni amma ba ta waiwayo ba." Na ce mata, "Haba Asabe, ai ita ta yi masa wankan farko, ita kuma ta taya ki jinyarsa, dole ki gan ta." Ta ce ita ma ta san haka, shi ya sa ba ta son kowa ya ji, kada a ɗauke shi wata fassara.

Kun ji ko? Ita da kanta ta hango abin da zai iya faruwa. Amma ni, da muka isa wajen Baba Dogo tare da ita da uwar mijinta, sai na riga su shiga kamar yadda na saba, na gaya masa duka, har kamannin tsohuwar. Me ya hana ni in ce masa wannan kam kada ya ambata? Me ya sa ban tuna da rantsuwata ba? Asabe ta zauna, hayaƙi ya tashi, ya ɗaga hannu a kanta, sai ya ce, "Ina ganin wata gajeruwar tsohuwa mai tsage a fuska, kusa da gidanki take. Yaronki yana hannunta, ta ƙi sakinsa, inuwarta ce ta danne miki ƙirji." Asabe ta ƙwalla ƙara ta faɗi. Uwar mijinta ta miƙe tana tafa hannu tana cewa, "Na sani! Wallahi da ma na sani!" Ni kuwa ina tsaye a wurin, ban ƙaryata shi ba.

Kafin kasuwa ta sake ci, magana ta gama unguwa cewa Iya Saratu mayya ce, ita ta kama kurwar yaron, yanzu kuma uwar take nema. Aka daina sayen kununta, tukunya ta wuni a rufe ta zubar da yamma. Matan da ta wanke wa 'ya'ya su ne ke fizge su in ta doso. Aka fara tono duk yaron da ya taɓa mutuwa a unguwar ana jingina mata. An jefi rufin ɗakinta da duwatsu ina ji ta bayan katanga. Mijin Asabe ya kai ƙara wajen mai unguwa, yana so a fito da Iya Saratu gaban jama'a a sa ta tsallaka Asabe don ta saki kurwarta, in ta ƙi kuma a kore ta daga unguwar. Mutanen cocinsu sun ji, su ma sun ce ba za su zuba ido a wulaƙanta uwarsu ba. Musulmi da Kirista da tun tasowata suke cin kasuwa ɗaya, suna zuwa sunan juna da jana'izar juna, yau an fara gaisawa ciki-ciki. Mai unguwa ya ce a dakata sai an gama girbi, dattawan da ke gona a Zugurma da Salka sun dawo, sannan a zauna.

Na koma wajen Baba Dogo ni kaɗai, na durƙusa na ce, "Baba, ka zo ka gaya musu gaskiya, za a hallaka baiwar Allah." Ya ce, "Ni na ce mayya ce? Abin da ke ran yarinyar na fito mata da shi don ta huta. Su suka sa masa suna." Na ce, "To ka zo ka faɗi hakan da bakinka." Sai ya ce, "In na zo za a tambaye ni inda na gani. Kin shirya in faɗa? Ki tuna ba maganar Asabe kaɗai kika kawo mini ba. Duk matan da kika rako za su san cewa abin da suka faɗa a ɗakinki ya fita. Waɗansunsu in mazansu suka bi diddigi, ba za su kwana a gidajensu ba." Bai ɗaga murya ba, da wannan lallausar muryar da ya warkar da ni ya faɗa. Na tashi na fito. Har yau ban sani ba, mugu ne ko kuwa shi ma tsoro yake ji?

Abin da ya ƙara ɗaure ni shi ne Asabe ta fara samun sauƙi. Tana cin abinci, tana barci, ta yarda ɗari bisa ɗari cewa an gano mai cutar da ita. Rannan ta riƙe hannuna ta ce, "Ba don ke ba da tuni na bi ɗana. Allah ya saka miki." Yaya zan dubi idonta in ce mafarkin da ta ba ni amana ne na kai, aka juya shi aka dawo mata da shi? In ta koma halin da ta fito fa, ko abin ya fi haka? Maigidana kuma bai san komai ba. Shi cewa yake yi bai yarda da zancen maita ba, amma kada in kuskura in sa baki a rigimar da ba tawa ba.

Shekaranjiya da hantsi ina shanya sai na ji sallama. Iya Saratu ce, ta rame, zaninta har yana neman zamewa. Ba ta shigo ba, a bakin zaure ta tsaya, wai kada a ce ta zo kama mini yara. Ta ce, "'Yata, ban zo da faɗa ba. Ke kin san ni. Na goya ɗanki a bayan nan, ya yi mini fitsari, ya yi barci, ga shi nan yana gudu. Ranar da za a zauna, ki tashi ki faɗa musu abin da kika sani a kaina, shi ke nan." Na ce, "To, Iya." Ta ce, "Na aika wa ɗana kada ya zo, in ya zo za a zubar da jini. Ke kaɗai na roƙa." Ta sa mini albarka ta juya. Ta sa mini albarka, jama'a! Na shiga ɗaki na toshe bakina da zani don kada yara su ji kukana.

Na san in na tashi na ce ita mutuniyar kirki ce kawai, ba wanda zai saurare ni, za a ce ai mai gani ya gani. Abin da zai wanke ta guda ɗaya ne, in faɗi cewa bai ga komai ba, ni na gaya masa. In na faɗa, na tona asirin matan da suka amince da ni, na rasa Asabe, wataƙila in rasa aurena, kuma ban san ko za a yarda da ni ba ko cewa za a yi ni ma ta kama ni. In na yi shiru, za a tsayar da tsohuwar da ta ciyar da 'ya'yana a tsakiyar jama'a a ci mutuncinta a kan laifin da ba ta yi ba, kuma Allah yana kallona. Na yi tunanin in fara samun mai unguwa a keɓe, ko limaminmu, ko in fara gaya wa maigidana, amma duk wanda na dosa sai ƙafata ta ƙi.

An fara yankan dawa, ba a daɗe ba dattawa za su dawo. Malamai, iyaye mata, duk wanda Allah ya ba basira, ku taimake ni tun kafin a zauna. Me zan yi?