Ƙafafun Abban Hafsa

Daren Laraba, Badarawa

Yau na mayar da mijina asibiti. Tun haɗarin da ya yi a hanyar Rigachikun duniyata ta koma ɗakin nan, daga juya shi sai sauya zanin gado.

Na daure na ce, "Likita, ciwon bayan Abban Hafsa ya warke har fata ta rufe. Me ya hana ƙafafun motsi?"

Ta ce ƙwayoyin halittar fata kullum rabuwa suke yi, suna samar da sababbi. Na jijiyoyin laka kuwa tun yana jariri suka daina. Suna nan suna aikinsu, amma wadda ta mutu babu mai maye gurbinta.

Na ce, "Ba a iya tashinsu?"

Ta ce ƙwayoyin hanta kan farka su rabu idan an ji rauni, waɗannan kam sai dai mu dage da gashin ƙashi da addu'a.

Duk Abban Hafsa yana ji. Sai da muka wuce Kawo a hanyar komawa gida ya ce, "Maman Hafsa, ki koma koyarwarki ranar Litinin."

Na ce to. Ni da shi mun san in na fita babu mai juya shi.