Manyan Tayoyin da Ka Saya wa Babur ɗin Omma

Namhae,
27 ga Mayu.

Zuwa ga ƙanena Tae-bong,

Ina gaishe ka da kyau, tare da fatan wannan takarda za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da matarka Un-sil da 'yarmu Da-on. Allah ya ƙara muku lafiya, ya tsare idonka daga tartsatsin walda, ya tsare ƙirjinka daga sanyin Kanada, ya kuma raya mana yarinyar nan. Mun ga hotonta da giɓin haƙori, mahaifiyarmu Omma ta sa an wanke shi ta manna a jikin firiji. Mu ma nan da sauƙi. Maigidana yana ta fama da kwale-kwalensa, kifi ya yi ƙaranci bana amma ba mu rasa na miya ba. 'Yata Ji-an ta gama jarrabawa a Busan, ta ce sai hutun bazara za ta zo. Omma tana nan ita da gwiwoyinta. Shi kuwa mahaifinmu Aboji, yau kwanansa takwas a gadon asibiti a Jinju, kuma saboda shi ne na ɗauki biro. Ban kira ka a waya ba don na san kaina. In na ji muryarka ihu zan yi, kai kuma ka ce min layin ba kyau. Takarda kuwa ba ka da yadda za ka katse ta.

Ka tuna shekara tara da suka wuce, bayan an yi wa Omma aikin gwiwa, muka haɗa hannu ni da kai muka saya mata babur mai ƙafa huɗu. Ɗan gajere ne, ba shi da gudu, ba shi da kyan gani, amma shi ya mayar da ita mutum. Da shi take hawa gonar sama, da shi take sauko da alayyafo a lokacin sanyi da tafarnuwa a bazara, da shi take zuwa coci. Da bikin cikar Aboji shekara tamanin ya matso a watan Maris, ka tambaye ni me gida yake buƙata. Na ce maka birkin babur ya fara laushi, kuma Omma tana son kujera mai majingina saboda bayanta. Abu biyu na faɗa. Ka ce in bar komai a hannunka, wai can wajenku kun san kan waɗannan babura, kuna shiga taɓo da su kowace Asabar. Sai ka tura wa abokinka Chun-bae, mai shagon babura a gari, won miliyan uku da ɗoriya, kuɗin da ya fi ƙarfin babur ɗin kansa. Ya zo ya ɗauka, ya dawo mana da abin da ban gane ba. An ɗaga shi sama fiye da taƙi guda. An sa masa tayoyi masu kaushi kamar na tarakta. An sa salansa mai ruri, an jera fitilu a goshinsa, an ɗaura masa na'urar ja mai igiyar ƙarfe, an kuma cire abin da ke hana shi wuce ƙa'idar gudu. Birki yana nan yadda yake. Majingina kuwa ko zancenta ba a yi ba.

Yanzu bari in gaya maka abin da ba a nuna maka a waya. Omma ba ta iya hawansa. Kai ka san tsayinta, ka san ƙafarta ba ta ɗaguwa. Aboji ya ƙera mata 'yar kujerar katako don ta riƙa takawa, ta yi kwana uku tana ɗaure ta a baya tana tafiya da ita gona. Ran na huɗu wajen saukowa kujerar ta goce, ta zube a kan kunyar gona. Ga kuma kan babur ɗin ya yi nauyi saboda faɗin tayoyin, wuyan hannunta ba ya iya murɗa shi a kwana. Sai ta shiga rumbu ta jawo tsohon keken jarirai na Ji-an, ta zuba fartanya da gorar ruwa a ciki, ta koma tura shi tana dogarawa kamar sauran tsofaffin ƙauye. Hawan da take yi cikin minti biyar ya koma mata kusan awa guda, tana tsayawa sau huɗu tana haki. Wata biyu ke nan tana haka. Amma duk Lahadin da ka kira, sai ta gyara gashinta ta ce maka babur ya yi kyau, duk ƙauyen babu irinsa, Allah ya yi maka albarka. Ni kuma ina bayan waya ina cizon leɓe, don ta ce in na buɗe baki ba ta yafe ba.

Aboji kuwa sai ya samu abin wasa. Mutumin da a da yake cewa hawa babur ɗin aikin mata ne, shi ne ya koma sauka bakin teku sau uku a rana ba tare da wani dalili ba. Tsofaffin da ke zama a zauren ƙauye suna masa tsiya, suna cewa ga ango ya fito, saura amarya. Shi kuma sai ya ƙara murɗa mai ya ce musu hassada ce, wanda ɗansa ya turo masa ko da ƙararrawar keke daga ƙasar waje ya ɗaga hannu. Har mai unguwa ya yi sanarwa a lasifika cewa masu abin hawa mai ƙara su ji tausayin jarirai da marasa lafiya. Bai kama suna ba, amma ƙauyen da jaririnsa ɗaya ne tal, babur mai ƙara ma ɗaya ne tal, wa ake ɓoye wa? Na yi masa magana ba sau ɗaya ba. Maigidana ya ce masa abin ya yi tsayi da yawa, hanyoyin gonakinmu kuwa a karkace suke, ba fili ba ne irin na Kanada. Ya ce mana shekara sittin yana hawa tudun nan, ba mai kamun kifi ne zai koya masa ba.

Ranar sha tara ga wata, da hantsi, ya ɗoro buhu shida na tafarnuwar fari daga gonar sama. A kwanar nan ta wajen bishiyar kanya, inda hanya ta kwanta gefe guda, babur ya kife da shi ya faɗa gonar ƙasa, ya danne shi daga ƙugu. Maƙwabciyarmu 'Yar Hadong ce ta cece shi. Ta ce tana tsinke ciyawa sai ta ji rurin nan da ya ishi kowa ya ɗauke lokaci guda, ta ce a ranta tsohon nan ba ya kashe shi sai a ƙofar gida, lallai ba lafiya ba. Tsohuwa mai shekara saba'in da bakwai ta hau tudun nan da rarrafe. Ta same shi fuska cikin ƙasa, bakinsa yana jini, yana ce mata kada ta yi kururuwa mutane su taru su gan shi haka. Ta ce masa ya rufe mata baki, tsohon banza, ta kwarara ihu. Ni da maigidana muka iso muka kasa ɗaga babur ɗin mu uku. Ba zan zalunce ka ba, a nan na'urar jan nan ta yi rana: maigidana ya zagaya igiyar a gindin kanya, ya danna, babur ya ɗago har muka zaro shi. Cikin duk tarkacen da ka saya ita kaɗai ta biya kuɗinta, kuma ramin da ta fitar da mu sauran ne suka haƙa shi.

Ƙashin ƙugunsa ya karye, haƙarƙari uku sun tsage. An yi masa aiki washegari. Likita ya ce aikin ya yi kyau, amma a shekarunsa kada mu sa rai zai sake tafiya ba sanda, gona kuwa mu cire ta daga lissafi. In an sallame shi sai ya yi wata uku a gidan jinya. Ni nake kwana a benci kusa da shi, ni nake juya shi, ni nake kai fo. Abu na farko da ya faɗa da ya farfaɗo shi ne kada a gaya wa Tae-bong, yaron yana da aiki, kada a tayar masa da hankali. Yaro! Mai shekara arba'in da huɗu.

Na je wajen Chun-bae da niyyar in ci masa mutunci, sai ya kashe min jiki. Ya nuna min saƙonninku. Ya rubuta maka cewa ɗaga babur irin wannan ba ya yi wa tsofaffi, yana sa shi saurin kifewa, gara a gyara birki a sa ƙarfen kariya a baya. Kai kuma ka ba shi amsa da cewa yayarka ce ta cika tsoro, ya sa komai, kana so Aboji ya fita kunya a gaban sa'o'insa. Na karanta da idona, Tae-bong. Chun-bae ma ban wanke shi ba, na ce masa wanda ya san abu zai kashe mutum ya kuma karɓi kuɗi ya ɗaura, shi ma da nasa. Ya sunkuyar da kai. Na sa shi ya kwance komai, ya sauke babur ɗin yadda yake, ya gyara birki, ya sa majingina. Tsofaffin tayoyin ma ya riga ya zubar, sai da aka nemo wasu. Kayanka suna nan jibge a rumbu, ya ce ko kashi ɗaya cikin huɗu na kuɗinsu ba za su yi ba yanzu. In tambayarka ita ce ko kwalliya ta biya kuɗin sabulu, to amsar ke nan.

Ka san sakamakona? Da Aboji ya ji na sa an kwance, sai ya ce wa ya ba ni izinin taɓa kyautar ɗansa. Ya ce tun muna yara nake baƙin ciki da kai. Kwana biyu bai yi min magana ba, ina ba shi kunun shinkafa a baki yana kallon bango. Shekara goma sha ɗaya ina kai su asibiti, ina haɗa musu kimchi, kabejin nan mai yaji da ake ajiyewa don sanyi, ina hawa rufi in guguwa ta ɗaye shi. Kai sau uku ka zo. Ban taɓa yi maka gori ba, na san neman abinci ne ya kai ka, kuma na san kana ƙaunarsu. Amma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ka tambaye ni, na faɗa maka, ka yi abin da zai yi kyau a hoto. Abin da ya fi ƙona min rai shi ne Omma. Ta daina cin abinci sosai. Tana cewa laifinta ne, da ta daure ta ci gaba da hawa da ita ce za ta sauko da buhunan a hankali, da tsohon bai hau ba. Na yi rarrashi har na gaji, ba ta ji daga bakina.

To ga abin da nake so, kuma kada ka turo min ko won ɗaya. Na farko, ranar da ka karanta wannan ka kira Omma, ka gaya mata da bakinka cewa an gargaɗe ka ka ƙi ji, laifin ba nata ba ne. Na biyu, tafarnuwa tana cikin ƙasa, gona huɗu, kuma damina ba ta jiran kowa. In ba a cire ta cikin mako biyu ba, wahalar shekara ta ruɓe. Ma'aikata sun yi wuya, kowa yana kan tasa, maigidana ya ajiye kwale-kwale amma hannu huɗu ba za su iya ba. Ka nemi hutu ka zo. Zumunci a ƙafa yake. Ina fushi da kai fushin da ban taɓa yi ba, amma hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar, kuma ni ba ni da wani ƙane sai kai.

Yau da safe na gaya wa Aboji cewa zan rubuta maka komai, ko ya so ko ya ƙi. Na shirya wa faɗa. Ya juya fuska. Can sai ya ce, ba tare da ya dube ni ba, in ce maka ka sauka a filin jirgin Gimhae, ya fi kusa, kuma ka taho da takalmin aiki don nasa ba zai shige ka ba.

Ka gaishe min da Un-sil, ka ce mata ba da ita nake ba, ta yi haƙuri da ɗauke mata miji a wannan lokaci. Ka sumbaci Da-on, ka ce gwaggonta ta ajiye mata busasshen kifin da take so. Omma tana gaishe ku, ba ta san abin da na rubuta ba. Maigidana yana gaishe ka, haka ma Kawu Pan-sik da iyalinsa. 'Yar Hadong ta ce in ka zo ka fara biyawa ta gidanta, tana da magana da kai, kuma ina ba ka shawara ka je kanka a sunkuye.

Ni ce yayarka,
Hyang-suk.