Kunnen Maigidana na Hagu

Assalamu alaikum mutanen wannan zaure. Admin ka ɓoye sunana, sunayen da zan ambata ma duk na canza su. Ku matso kusa ku ji, magana ce da ko ƙanwata na kasa faɗa mata, kuma don Allah ku ba ni shawara. Kar ku duba rubutuna, karatuna bai yi nisa ba, da yatsa ɗaya nake buga kwamfutar nan.

A Madina aka haife ni, kakanninmu ne suka zo aikin hajji suka zauna. Gidanmu yana Ranuna, wajen Ƙuba. Ni macen gida ce, in ba Harami ko gidan suna ba ba na fita, amma Allah ya ba ni abu biyu, baki da kunne. Ina kicin nake gane motar wa ta tsaya a layinmu. Maigidana kuwa, bari in ce masa Abu Maryam, gyaran mukayyif yake yi, yani na'urar sanyaya ɗaki, suna da shago a Sultana shi da ƙaninsa. Tare suke fita, tare suke cin abinci, tare suke dawowa suna musu a bakin ƙofa. Da Allah ya karɓi ran ƙanin, sai mijina ya rufe baki. Shekaru muka yi a haka, ya je shago ya dawo ya zauna gaban talabijin. Ni in ta zuba, shi daga na'am sai la, wato a'a. Amma yana jina, na san yana jina, don in na ambaci kuka ko daddawa a cikin surutuna, washegari sai in ga ƙulli a kan tallaja, wato firij.

Ana nan wani kwastomansa, Abu Fahad, Balarabe mai gonar dabino, ya ja shi wata Alhamis zuwa barr, can daji bayan duwatsu. Ashe suna da shilla, abokai ne da suke fita kowane mako bayan la'asar. Sai sun wuce iyakar Haramin Manzon Allah (SAW) sannan suke buɗe bayan mota, ba mai taɓa makami a cikin iyaka. Su shimfiɗa darduma, su ɗora shinkafa da nama, su jera gwangwanayen madara a gindin dutse, sannan a fito da rashshash, bindigar nan mai ɓarin harsashi, kowa ya karɓa bi da bi. Kar ku tambaye ni ta wa ce ko ina takardarta, ban taɓa ganinta ba, gidanmu ba ta taɓa shiga ba.

Ranar ya dawo rigarsa tana warin albarushi, yana dariya. Wallahi sai da na leƙa bayansa in ga ko da wani ya shigo. Ya zauna ya ba ni labarin wani malamin makaranta a cikinsu da bai taɓa samun gwangwani ba, har suka gaji suka kafa masa tsohuwar ganga, ita ma ya kuskure, ya ce iska ce. Tun daga nan mijina ya dawo mutum. Kuma mutanen kirki ne, ba zan ɓoye ba. Auren 'yarmu Maryam su suka kawo raguna, su suka ɗauki kujeru, ranar da mijina ya kwanta a asibiti cika ɗakin suka yi har nas ta kore su.

To ga inda matsalar take. Al'adarsu ba mai harbi shi kaɗai, dole wani ya tsaya a kafaɗarsa ta dama, ya miƙa masa gidan harsashi, ya kira sunansa da na ubansa, in ya samu ya faɗa, in ya kuskure ya yi masa tsiya. Mijina bai iya harbi ba, shi da kansa yana faɗa. Amma rannan da ya tsaya wa Abu Fahad sai kirarin da ya ji a bakin kakansa ya taso masa, ya yi ta zuba shi da Hausa yana haɗawa da Larabci. Ba sa jin ko rabi, amma suka haukace a kai. Yanzu ba mai yarda ya harba sai Abu Maryam ya tsaya masa. Yani kowa zai yi nasa ya koma darduma ya sha gahawa, shi yana tsaye daga na farko har na ƙarshe, kunnensa na hagu yana wajen bindiga, kowace Alhamis, shekara da shekaru.

Ni na fara ganewa kafin shi. Mutumin da yake riga ni jin kiran sallar masallacin unguwa, sai ga shi in ya kwanta a kan kunnen dama sai na taɓa shi. Sai ya fara tambayata wa ya bar famfo a buɗe, alhali gida shiru. Talabijin kuwa maƙwabta ma suna jin labarai daga wajenmu. Wata Asabar muna tafiya Ƙuba na koma gefensa na hagu da gangan, na ce masa takalminsa ya tsinke, bai ko dubi ƙasa ba.

Na sa masa auduga a aljihun riga. Ya dawo da ita baƙi ƙirin, wai sun goge bindiga da ita, Abu Fahad yana godiya. Da na matsa sai ya ce akwai wanda ya taɓa toshe kunne a wajen, suka sa masa suna arusa, wato amarya, suna yi masa guɗa, har ya daina zuwa. Ya ce mini, "Ya Hajja, so kike su haɗa kuɗi su saya mini lalle?" Na ce gara lalle da kurumta. Ya yi dariya, ban ma tabbata ya ji ba.

Watan jiya na raka shi awon suga, na faki idonsa na gaya wa daktur, shi kuma ya tura mu wajen mai duba kunne. Mutumin bai yi mana kwana-kwana ba. Ya ce na hagun saura kaɗan, abin da ya tafi ba ya dawowa, na daman ma ya fara, in ya ci gaba da tsayawa kusa da ƙarar nan zai bi ɗan'uwansa. A mota muka yi faɗan da ba mu taɓa yi ba. Na ce ya bar tsayuwar, ya je ya zauna ya ci shinkafarsa. Ya ce in ya zauna me ya rage, tsoho mai zuba gahawa? Na ce to ni zan gaya wa Ummu Fahad, matar Abu Fahad. Nan ya tsayar da mota a gefen titi, ya ce maganar daktur amana ce tsakanina da shi, in na fitar da ita bai yafe ba. Ya ce, "Kin manta yadda nake a da? Ke kika zauna da ni, kin fi kowa sani."

Ban manta ba, shi ya hana ni sukuni. Kuma na san Abu Fahad. Yana ƙaunar mijina, in ya ji zai rantse a gaban kowa cewa Abu Maryam ba zai ƙara tsayawa kusa da bindiga ba, shi kuwa da sakin matarsa yake rantsuwa, in ya furta halas, ba komawa. Yani in na buɗe baki ba gyara. Kunnen zai tsira, amma ina tsoron mutumin da zai dawo mini gida. In kuma na yi shiru, ni da wa zan yi hira? Kar ku ga kamar son kai ne, tun ina yarinya shi kaɗai ne bai taɓa ce mini surutuna ya yi yawa ba.

Shekaranjiya Maryam ta bugo daga Jidda, ta ce tana da ciki, bayan an daɗe ana jira ana addu'a. Na ajiye waya na same shi a falo, na zauna gefensa ban lura wane gefe ba ne, na faɗa masa. Ya gyaɗa kai ya ce, "To, gobe in na taso sai in sayo." Na tashi na zagayo ta dama na maimaita. Ya riƙe hannuna yana hawaye yana cewa shi zai yi wa jaririn kiran salla a kunne. Ni kuwa kunnensa nake kallo.

Tun ranar na kasa zama wuri ɗaya, in share inda na share, in ɗora shayi in manta. Ummu Fahad ta aiko in je mata Laraba da yamma mu sha gahawa, mu biyu kawai. Alhamis kuma suna da babbar fita, ɗan ɗayansu zai yi aure, an ce baƙi za su zo da nasu bindigogin, kuma tuni sun gaya wa baƙin cewa suna da mai kirari. Ya ba ni sabuwar rigarsa in goge, tana rataye a bayan ƙofa ina ganinta daga nan.

Masu ilimi a cikinku, da matan da suka daɗe a gidan aure, ku faɗa mini gaskiya ko da ɗaci. Amanar da ya ɗora mini ta fi kunnensa nauyi? Da ke ce, 'yar'uwa, ranar Laraba in Ummu Fahad ta zuba miki gahawa ta ce yaya Abu Maryam, me za ki ce mata?